Yadda Ake Daidaita Ban Ruwa na Ƙarƙashin Ƙasa da Irin Ƙasar Gona

Manomin rani da ke son binne tiyo mai ɗigo ko tulun ƙasa, domin ruwa ya isa ga saiwa kai tsaye ba tare da rana ta shanye shi ba, ya kamata ya fara sanin ƙasar da zai binne shi a ciki, saboda ruwan da ya fito daga huda ɗaya ba tafiya ɗaya yake yi a jigawar tudu da lakar fadamar Argungu ba.

A ɗebo ƙasa daga zurfin da tiyon zai kwanta, a jiƙa ta, a murza a tafin hannu. Idan tana gurzar fata kuma ta wargaje da an sake ta, yashi ya fi yawa. Idan ta yi danƙo har ta miƙe ba ta karye ba, laka ce. A cikin yashi ƙwayoyin manya ne, kafofin da ke tsakaninsu masu faɗi, don haka ruwa yakan zarce ƙasa ya bar siririn danshi mai siffar karas. Ƙwayar laka kuwa ba ta kai milimita 0.002 ba, kuma ƙananan kafofinta suna jan ruwa gefe da sama a hankali, sai danshin ya baje kamar albasa.

A jigawa, a matso da hudoji kusa, kamar santimita 20 zuwa 30 tsakaninsu, kada a zurfafa tiyo, kuma a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin wanda ya saki ruwa na sa'o'i a irin wannan ƙasa yana tura ruwansa da takinsa ne can inda saiwar tumatir ko tattasai ba ta kaiwa. A laka ana iya nisanta hudojin har santimita 45 zuwa 60, amma dole ɗigon ya riƙa fita a hankali, in ba haka ba ruwa zai taru a bakin huda ya hana saiwa shan iska.

Abin da na fi so manoman fadama su kula da shi shi ne ƙasar da ambaliyar Gulbin Rima ta jibge hawa-hawa. Inda laka ke ƙarƙashin yashi, ruwa yakan kwanta a kanta ya jiƙe saiwa fiye da kima. Inda yashi ke ƙarƙashin laka ma, ruwa ba ya tsallakawa sai lakar ta ƙoshi, abin da mutane da yawa ba sa zato. Saboda haka kafin a sayi tiyon gona gaba ɗaya, a binne guntu, a sake masa ruwa, washegari a haƙa gefensa da fartanya a auna faɗi da zurfin danshin, sannan a yanke tazarar hudoji bisa abin da ido ya gani.

Iri da dashe suna bukatar a jiƙa su ta sama har saiwa ta kama. Idan kuma fari-farin gishiri ya fara bayyana a saman kunya, a malala ruwa ta sama ya wanke shi zuwa ƙasa kafin shuka ta gaba.