Yadda mai buƙata ta musamman zai nemi haƙƙinsa da dokar 2018

Duk wanda aka hana aiki ko aka rufe masa ƙofar makaranta saboda makanta, kurumta ko gurgunta, ya kamata ya san cewa a Najeriya akwai dokar da ta mayar da wannan wariya laifi, wato Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018, wadda a Turance ake kira Discrimination Against Persons with Disabilities (Prohibition) Act, 2018. An sha wahala kafin a same ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a Disamban 2006, Najeriya ta sa hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010, amma ƙudurin dokar cikin gida ya yi ta kai-komo tsakanin Majalisar Tarayya da fadar shugaban ƙasa, har Shugaba Goodluck Jonathan ya sauka bai rattaba masa hannu ba. Sai a Janairun 2019, bayan dogon matsin lamba daga ƙungiyoyi irin su JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙudurin da majalisa ta amince da shi a 2018, sannan aka kafa hukumar ƙasa mai kula da aiwatar da dokar a 2020.

Mataki na farko shi ne ka san ainihin abin da dokar ta tanada, domin jami'in da za ka tunkara wataƙila bai taɓa karanta ta ba. Kamfani ko hukumar da aka samu da laifin nuna wariya za ta biya tarar naira miliyan 1, shi kuwa mutum ɗaya zai biya naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. An wajabta wa ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman, an tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, an ce a fara biya musu buƙata a duk inda jama'a ke bin layi, an kuma haramta amfani da su wajen bara. Gine-ginen da jama'a ke shiga an ba su wa'adin shekara 5 su yi gyara, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Saboda haka bankin da har yau mai keken guragu ke tsayawa a bakin ƙofarsa cikin rana, yana jiran wani ya ɗauki katinsa ya shiga masa da shi, ba shi da sauran uzuri.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne tara hujja tun abin yana da zafi. Ka rubuta rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da muƙamin wanda ya yi maka magana, da kalmomin da ya furta kamar yadda suka fito daga bakinsa. Idan matakala ce ta tare ka, a ɗauki hotonta da waya ta yadda allon sunan ginin zai fito a ciki. Idan aiki aka hana ka, ka adana sanarwar neman ma'aikata da takardar gayyata da duk saƙon da aka turo maka. Makaho ko kurma yana iya sa amintaccen ɗan'uwa ya taya shi rubutawa, kuma yana da kyau a riƙe lambar wayar shaida ko da guda ne. Ka haɗa da rahoton likita daga asibitin gwamnati da ke tabbatar da lalurarka.

Daga nan sai ka rubuta takardar ƙorafi zuwa ga shugaban wurin, ka ambaci sunan dokar da shekararta, ka fayyace gyaran da kake nema da wa'adin da ka bayar. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan naka, domin ƙorafin baki shi ne wanda ake saurin musantawa.

Idan wa'adin ya wuce babu amsa, ka miƙa kwafin ga hukumar masu buƙata ta musamman da ke Abuja, da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi kuma ba ta karɓar kuɗin shigar da ƙorafi. Tafiya tare da shugabannin ƙungiyarku tana ƙara wa takarda nauyi. Ka kuma bincika ko jiharka tana da tata dokar, kamar yadda Filato ta yi a 2005 da Legas a 2011, domin ita ce za ta fi tasiri a kan makarantu da asibitocin jiha.

Dokar ta bar maka damar shigar da ƙarar neman diyya a kotu ko da an riga an gurfanar da mai laifin. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin hukumar tallafin lauyoyi ta gwamnatin tarayya da ke jiharsa, ya tafi da dukan takardunsa a jere bisa kwanan wata.