Darasi na 7: Zaɓen shuka da kula da ita daga damina zuwa bazara

Kafin ka sayi ɗan icce ko fulawa ka kawo gida, ka fara tambayar kanka: a watan 4 da watan 5, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, pampo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin bidon, ina zan samu ruwan da zan ba ta? In baka da amsa to kar ka saya tukuna. Mu nan Damagaram garinmu kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha ma daga nesa ake jawo shi, irin su Arunguza da Gogo, ruwan sama kuma kamar milimita 400 ne a shekara, duka cikin wata uku zuwa huɗu. A watan 8 kowace shuka kyakkyawa ce, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Bazara ce ke nuna wadda ta dace da gidanka.

Masu haƙurin ƙishi sune zogale, lalle, rumman, dogon yaro, magarya, sai aguwa in shinge kake so. Zogale ni dai a ganina shi ya kamata kowa ya fara da shi, reshe kawai zaka sara ka dasa ko ka shuka ƙwayar, cikin 'yan watanni uwargida ta fara tsinkar ganye, amma in ya kai tsayin ƙirjinka ka datse kan don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama siriri ganyen ya fi ƙarfin hannu. Lemun tsami da gwaiba suna tsaka-tsaki, in akwai wurin alwala a tsakar gida ka dasa su kusa da shi, ruwan da ke zuba sau biyar a rana ya ɗauke maka rabin aiki. Mangwaro da gwanda da ayaba kuwa 'yan gata ne, waɗannan sai mai rijiya ko mai garka a fadama irin na Mirya da Gidimuni. In dai ka nace sai mangwaro to ka nemi mai aure, shi yana fara 'ya'ya a shekara 3 ko 4, na ƙwallo sai ka jira fiye da haka.

Dogon yaro kar a dasa shi jikin katanga ko kusa da masai, saiwarsa na tafiya nesa tana tsaga gini, a ba shi taku shida ko fiye.

Yanzu ka je pepiniya, wato wurin sayar da 'yan itatuwan dashe, ga leda jere. Yawancin mutane wanda ya fi tsayi suke nunawa, kuma kuskure ne. Ɗaga ledar ka duba gindinta. In saiwa ta fasa ta shige ƙasa har sai da aka fizge ta, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ajiye ka ɗauki wani, ya daɗe a leda kuma zai sha wuya kafin ya kama. Gajere mai kauri da ganye kore shar ya fi dogo mai rangaji. Ka juya ganyen kuma ka leƙa bayansa, in ka ga wani fari-fari mai kama hannu ƙwari ne, zaka kai ma sauran shukokinka cuta da kuɗinka.

Dashe a damina ake yi, bayan ruwa ya zauna, daga tsakiyar watan 7 zuwa farkon watan 8. Shi yasa ma ranar 3 ga watan 8, ranar samun 'yancin Nijar a 1960, ta zama ranar dashen itace a ƙasa baki ɗaya. Wanda ya bari sai ƙarshen watan 9 ya makara, saiwa bata yi nisa ba ruwa zai ɗauke. Rami kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi, ka gauraya ƙasar da tsohon takin tumaki wanda ya riga ya ruɓe (ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara), ka barbaɗa toka kaɗan, ka yanke ledar da reza ka cire ta duka ba tare da ƙasar ta watse ba, da marece ake wannan aiki ba da rana tsaka ba. Sannan shinge, ranar nan ba gobe ba. Akuyar maƙwabta bata san ka sayi icce ba, ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, duk abin da ka samu ka kewaye.

Da kaka a rage taki, a tara busassun ganye da buntu a ajiye. In sanyi ya shigo, watan 12 da watan 1, ƙasa bata saurin bushewa don haka a rage ban ruwa, matsalar lokacin ƙurar hunturu ce da ke toshe ganye, fulawar da ke cikin ɗaki ko baranda a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Lokacin ne kuma na'ana'a da salati ke jin daɗi ko a tsohuwar roba ne.

Fulawar tukunya, Hajiya wannan naki ne: yawan ruwa ya fi ƙishi kashe ta. Tukunya dole ta zama da huda a gindi, ki sa tsakuwa ƙasa, ƙasar kuma a haɗa da rairayi. Ki soka yatsa, in da danshi ki bari. Kariya da kabar giwa sai su yi sati babu ruwa basu damu ba, kariya ma da rani take fidda furenta ja, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a ajiye ta inda yara da dabbobi basa kaiwa.

To ga bazara. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma gara ka zuba mai yawa ya shiga ƙasa sosai sau biyu a sati da ka riƙa yayyafawa kullum, yayyafi a sama yake tsayawa saiwa ta biyo shi rana ta dafa ta. Ka rufe gindin da ganyen nan da ka tara, amma kar ya taɓa jikin iccen saboda gara. Dabara mafi kyau ita ce tulu: ka binne ɗan tulun ƙasa mara fenti kusa da gindin, wuyansa kaɗai a waje, ka cika ka rufe bakin, shi zai riƙa tsatsowa a hankali. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk suna yi, na omo da jabel a zubar nesa. Ba a dashe, ba a zuba takin zamani a wannan lokaci, askin lalle da rumman kuma a bari sai hadari ya fara haɗuwa.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan shuka uku da ke gidansu ko layinsu, a gaban kowace ya rubuta watan da aka dasa ta da bidon nawa take sha a sati. Wanda bai iya rubuta lambar ba tukuna ya ja layi-layi, mu lissafa tare a aji.