Yadda Ake Karanta Alƙaluman Cinikin Babura na Wata-Wata a Indiya

A farkon kowane wata, kamfanonin babura na Indiya irin su Hero MotoCorp, Honda, TVS, Bajaj, Suzuki da Royal Enfield kan bayyana adadin da suka sayar a watan da ya gabata. Abu na farko da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne, waɗannan alƙaluman na sari ne, wato baburan da suka bar masana'anta zuwa shagon dila. Irinsu ƙungiyar masu ƙera motoci ta SIAM ke tattarawa. Adadin da ya shiga hannun mahaya kuwa, ƙungiyar dillalai ta FADA ce ke fitar da shi, tana ɗaukowa daga Vahan, rumbun rajistar ababen hawa na gwamnati.

Buɗe jadawali a Excel, kowane kamfani da layinsa, ka ba shi gurabe huɗu: sari na cikin gida, rajista, fitarwa ƙasashen waje, da adadin watan nan na bara. Ka tara alƙaluman aƙalla watanni 24 kafin ka yanke hukunci a kan komai. Kula da yadda Indiyawa ke sa waƙafi a lamba: 4,50,000 na nufin dubu 450 ne, lakh ɗaya kuma dubu 100. Shekarar kuɗinsu daga Afrilu zuwa Maris take.

Sai ka tsabtace lambobin. Jimillar Bajaj da TVS ta haɗa da keke mai ƙafa uku, irin a-daidaita-sahun da ke titunanmu, don haka cire shi. Ware na cikin gida daban da na waje, musamman ga Bajaj, wanda kaso mai tsoka na baburansa waje yake tafiya, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayen Boxer. A lokacin da dala ta yi wuya a Najeriya, naira kuma ta faɗi a 2023, lodin da ake turowa ya ragu. Wanda ya kalli jimilla kaɗai zai zaci Indiyawa ne suka juya wa kamfanin baya, alhali matsalar tana Legas.

Yanzu ka ɗebe rajista daga sari na cikin gida. Abin da ya rage shi ne kayan da suka taru a shagunan dillalai. A ce kamfani ya tura dubu 500, aka yi rajistar dubu 420: babura dubu 80 na nan jere a shago, wato kayan kusan kwana shida idan ana sayar da dubu 14 a kullum. A Agusta da Satumba wannan ba abin damuwa ba ne, ana cika shaguna ne saboda bukukuwa. Amma idan ratar ta ci gaba wata uku a jere ba a lokacin biki ba, to ana ɗura wa dillalai kaya ne, kuma nan gaba kaɗan za ka ga rangwame da raguwar sari. Ka sani cewa shekaru da dama jihar Telangana ba ta cikin Vahan, saboda haka wani ɓangare na ratar daga nan yake.

Kwatanta wata da takwaransa na bara ya fi kwatanta shi da watan da ya wuce, amma shi ma yana da tarko. Bukukuwan Navratri, Dhanteras da Diwali, lokacin da aka fi sayen babur, suna bin lissafin wata ne, kamar yadda Sallah ke sauya rana a kalandar Turawa. Diwali ta faɗo a 12 ga Nuwamba a 2023, a 2024 kuma a ƙarshen Oktoba. Oktoban 2024 zai nuna hauhawa ta ƙarya ke nan. Maganinsa shi ne a haɗa Satumba, Oktoba da Nuwamba wuri guda a kwatanta da na bara.

Dokar gwamnati ma na karkata lissafi. A Afrilun 2020 ciniki ya tsaya cak saboda kullen korona, don haka duk kason haɓaka na Afrilun 2021 ba shi da amfani. Da aka rage tallafin FAME II, wato tallafin gwamnati ga ababen hawa masu lantarki, daga 1 ga Yunin 2023, mutane sun yi rububin sayen sikuta mai lantarki a Mayu, Yuni kuma ya zube. Haka aka yi a 2025: an rage harajin kaya na GST kan babura masu injin da bai wuce cc 350 ba daga kashi 28 zuwa 18 tun daga 22 ga Satumba, masu saye suka jira ranar. Rubuta irin waɗannan ranaku a gefen jadawalinka.

Daga nan ne za ka lissafa kason kowa a kasuwa, kana raba rajistarsa da jimillar rajista, kuma babur daban, sikuta daban. Ƙarfin Hero yana kan Splendor, babur mai ƙaramin inji da mutanen karkara ke saye, shi ya sa damina mai albarka ke ɗaga shi. Honda ta dogara da Activa, sikutar 'yan birni. Royal Enfield ba ya ƙera sikuta sam, Chetak ɗin Bajaj na yanzu kuwa mai lantarki ne kaɗai. Kada motsin wata guda ya ruɗe ka. Ɗauki matsakaicin watanni uku, ka zana shi a layi, kowane kamfani da launinsa.