Kurakuran da Masu Koyon Ƙofofin Lojik Suka Fi Yi

Duk ɗalibin da ya kawo mini allon gwajinsa yana cewa "Malam, aisin nan ta lalace", kafin in taɓa ta na san kusan sau tara cikin goma lafiyarta ƙalau. Aisi (IC) ita ce 'yar ƙaramar na'urar nan mai ƙafafu da ke ɗauke da ƙofofin lojik, wato da'irorin da ke karɓar 0 ko 1 ta ƙafafun shiga su fitar da 0 ko 1 ta ƙafar fita. Ƙofofin AND da OR da NOT ba su da wuyar ganewa a takarda, yaro ɗan sakandare ma zai haddace jadawalinsu, wanda ke nuna abin da kowace shiga ke fitarwa, a zama ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne a manta cewa 0 da 1 ɗin nan wuta ce ta gaske a jikin ƙafar aisi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a gaban tebur, shi ya sa na rubuta ta.

Babban kuskuren shi ne barin ƙafar shiga a sake. Mutum zai zare waya daga ƙafa ta 1 ta 74HC08, wato aisi mai ƙofofin AND, ya ce ai yanzu ta zama 0. Ba ta zama ba. Sifili na nufin an haɗa ƙafar da giraun, wato layin bolt 0, ɗaya kuma na nufin an haɗa ta da layin bolt 5. Ƙafar da ba a haɗa da komai ba akuya ce da ba a ɗaure ba, inda ta ga dama nan za ta nufa. Aisin CMOS, wato dangin 74HC da 4000, ƙafafunta na shiga kusan ba sa jan wuta ko kaɗan, don haka ɗan cajin da ke jikin yatsanka ko wayar lantarkin da ke bango ya isa ya juya ta. Shi ya sa za ka ga ƙwan LED yana kamawa idan ka kai hannu kusa, ya mutu idan ka janye. Idan kuma ƙafar ta tsaya a tsakiya, transistocin sama da na ƙasa duka su buɗe lokaci guda, aisin ta riƙa shan batir tana ɗumi babu dalili. Tsohuwar aisi ta wani dangin daban, wato TTL irin 74LS, takan ɗauki ƙafar sake a matsayin 1, wannan ma wani tarkon ne, domin wanda ya saba da ita sai ya ɗauka haka kowace aisi take.

Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini aikin kwangila. Na haɗa wa wani mai gidan haya na'urar da ke kashe injin famfo idan tankin sama ya cika. A shago tana aiki lafiya. Da aka ɗaura ta kusa da injin, sai ta riƙa kunna shi tana kashewa da kanta, har rilen, wato makunnin lantarkin da ke kunna injin, ya ƙone, ruwa ya malale a tsakar gida. Ƙofa biyu na yi amfani da su cikin huɗun da ke cikin aisin, sauran biyun na bar ƙafafunsu a iska, wayar da ta taho daga tanki ma babu resistan da ke riƙe ta. Na mayar da kuɗin mutumin, na sayi rile daga aljihuna, kuma bai sake kirana ba. Tun daga ranar, kafin in kunna kowane allo sai na bi ƙafafun shiga ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu. Wadda ba na buƙata in ɗaure ta da giraun ko da layin wuta. Ƙafar fita ce kawai ake bari a sake.

A makunni kuwa, ni resistan 10k (om dubu goma) nake sawa daga ƙafar zuwa bolt 5, makunnin kuma ya ja ta zuwa giraun idan an danna. Na san littattafai da yawa suna zana akasin haka, resista a ƙasa makunni a sama. A 74HC duka biyun suna aiki. Amma gwada 10k zuwa giraun a kan 74LS ka gani: ƙafar tana fitar da ɗan karan, wato kwararar wuta, da zai iya kai 0.4 miliamfiya, shi kuma sai ya ɗaga wutar ta haura bolt 0.8, wanda shi ne iyakar abin da TTL ke karɓa a matsayin sifili. Ka danna, ka saki, ƙwan ba zai motsa ba.

Na biyu shi ne wanda yake ɓata mini rai ƙwarai, domin ganganci ne tsantsa: ba wa aisi wutar da ba tata ba. Ka ɗauko batirin bolt 9 ka liƙa wa 74LS00 kai tsaye, sannan ka zo kana cewa mai shago ya sayar maka da jabu? Haba ɗan'uwa! 74LS tana son tsakanin bolt 4.75 da 5.25 ne. 74HC tana aiki daga 2 zuwa 6. Dangin 4000 da kamfanin RCA ya fitar a 1968 su ne ke jure daga 3 har 15. Lambar dangin tana rubuce a bayan aisin, karanta ta ba ya cin minti ɗaya. In batirin 9 kaɗai gare ka, sa 7805 mai rage wuta zuwa bolt 5 a tsakani, ko ka yanke tsohuwar cajar waya ka auna ta da mita tukuna. Wasu kuma ba sa ba ta wutar ma sam, saboda zanen littafi da manhajar Logisim ta gwajin lojik a kwamfuta ba sa nuna ƙafafun wuta. A aisi mai ƙafa 14 irin waɗannan, ƙafa ta 14 ita ce ta wuta, ta 7 giraun. Nemi ɗan tsagin da ke kanta, ka sa shi a hagu, ƙafa ta 1 tana ƙasa ta hagu, ƙirga yana zagayawa akasin hannun agogo. Juya ta baibai, cikin daƙiƙu za ka ji ƙauri.

Kada kuma ka ɗauka duk aisi tsarin ƙafafunsu ɗaya ne. A 7400 da 7408 da 7432 da 7486, ƙafa ta 1 da ta 2 shiga ne, ta 3 fita. A 7402 mai ƙofofin NOR, wato OR da aka juya fitarta, ta 1 ce fita. 4011 ma NAND ce, wato AND da aka juya fitarta, kamar 7400, amma ƙofarta ta biyu tana fita ta ƙafa ta 4, ta 7400 kuwa ta ƙafa ta 6. Na ga ɗalibai sun yini suna sauya wayoyi alhali takardar bayanin aisin tana intanet kyauta.

Saura ƙanana ne, amma su ma suna cin lokaci. Kada ka haɗa ƙafafun fita biyu wuri guda don ka samu OR, idan ɗaya ta ce 1 ɗaya ta ce 0 gajeren layi ka yi. Ƙwan LED ba ya zama babu resista, ni mai om 330 nake sawa. Rile da mota ba a ɗora su a kan ƙofa kai tsaye, sai ta hanyar transista da dayod. Kowace aisi a ba ta ƙaramar kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7, dab da jikinta. Fitar 74LS ba kullum take isa ta kunna 74HC ba, domin HC a bolt 5 tana neman kusan 3.5 kafin ta yarda 1 ce, don irin wannan aka yi 74HCT. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga take tartsatsi, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki CMOS, kuma ka bar ta cikin ledarta ko sosonta sai za ka dasa.

A takarda ma akwai guda biyu da nake gani kowace shekara. OR tana ba da 1 ko da shigar biyu duka 1 ne, mai ƙin haka ita ce XOR. Sannan dokar De Morgan: idan ka karya layin da ke saman A da B, wato layin da ke nufin NOT, alamar da ke tsakaninsu dole ta sauya, AND ta koma OR. Masu mantawa da wannan su ne suke ɗaukar NAND a matsayin "ba A ba kuma ba B ba", alhali wannan NOR ce. Idan ka yi shakka, zana jadawalin duka: shiga biyu layi 4, shiga uku layi 8, shiga huɗu layi 16. Ni ba na yarda a ce mini allo ya yi aiki sai an gwada kowane layi a gabana, mita tana kan ƙafar fita, an rubuta bolt ɗin da ta nuna a gefen kowanne.