Yadda za ka zaga Mayfair da Belgravia da ƙafa ka karanta tarihin gidan Grosvenor

Duk baƙon da ya sauka wurina a Landan, kafin in kai shi kasuwa sai na ja shi wannan zagaye na unguwannin Mayfair da Belgravia. Awa biyu ya isa, ba a biyan ko kwabo, abin da kawai ake buƙata shi ne takalmi mai taushi da lema. Kafin ka fita ka gyara harshenka: ana rubuta Grosvenor, amma “Grobna” ake faɗa, harafin s ba ya fita. In ka tambayi hanya ka furta shi, sai an ɗan yi jim kafin a gane ka.

Sauka a tashar jirgin ƙasa ta Bond Street, ka fita ta ƙofar Davies Street. Tsaya ka dubi allon sunan titin, domin daga nan labarin ya faro. Mary Davies yarinya ce da ta gaji fili mai kimanin eka 500 a bayan garin Landan na wancan zamani, yawancinsa fadama da makiyaya. A 1677, tana ’yar shekara 12, aka aurar da ita ga Sir Thomas Grosvenor, ɗan wani gida daga Cheshire. Filin nan shi ne ƙarƙashin ƙafarka, kuma har yau kusan eka 300 na hannun zuriyarsu.

Gangara kudu, ka karya dama ta Grosvenor Street har ka fito Grosvenor Square. Ɗan Mary, Sir Richard, shi ya yanka dandalin a shekarun 1720. A nan nake so ka daɗe, ka zauna da tunanin yadda suka yi. Ba su sayar da fili ba. Magini suke ba wa haya ta dogon zango, galibi shekara 99. Shi zai zuba kuɗinsa ya gina gida, ya riƙa biyan ɗan kuɗin ƙasa duk shekara, in wa’adi ya cika fili da ginin da ke kansa su koma wa masu ƙasa. Na taɓa kawo kawuna, wanda ya tsufa a dillancin filaye, na yi masa wannan bayani a tsaye. Ya daɗe yana kallon gidajen bai ce uffan ba, sannan ya sa na maimaita masa adadin shekarun sau biyu, yana ƙirga jikoki da yatsunsa.

Dubi yamma da dandalin. Dogon ginin nan mai gaggafa a samansa shi ne ofishin jakadancin Amurka daga 1960 har suka tashi zuwa Nine Elms a 2018. Ita ma Amurka, duk ƙarfinta, haya ta zauna a wurin.

Bi South Audley Street zuwa kudu, ka ɓulla Park Lane, ka tsallaka Hyde Park Corner ta hanyar ƙarƙashin ƙasa. Kada ka kuskura ka ratsa ta sama, motocin wurin ba sa sassautawa. Grosvenor Crescent zai kai ka Belgrave Square, kuma a bakin shiga za ka tarar da mutum-mutumin Robert Grosvenor da karnuka biyu a gefensa. A zamaninsa, cikin shekarun 1820, magini Thomas Cubitt ya cike wannan fadama da ƙasar da aka haƙo daga tashar jiragen ruwa ta St Katharine, ya tayar da gidajen nan masu fenti launin madara. Lura da yadda launin ya zo ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Sharaɗin masu ƙasa ne, ɗan haya ba ya shafa abin da ya ga dama. Da yawa daga cikinsu yanzu ofisoshin jakadanci ne, na Gana yana lamba 13. Leƙa ’yan lungunan bayan gidajen ma, inda dā ake ɗaure dawaki.

Ka kammala ta Belgrave Place, ka ratsa Eaton Square zuwa Eccleston Street. Belgrave da Eccleston ƙauyuka ne kusa da Eaton Hall, gidan gadon zuriyar Grosvenor a Cheshire.

A Eaton Square nake ba da labarin mutumin da ya sa na damu da wannan gida, Gerald Grosvenor, na shida da ya riƙe sarautar gado ta Duke na Westminster. An haife shi a Omagh ta Ireland ta Arewa a 1951, ya tashi a wani tsibiri cikin tafkin Erne, ya bar makarantar Harrow ba tare da wani sakamakon kirki ba. A 1970 ya shiga rundunar sojan wucin gadi a matsayin kurtu, ya yi ta hawa har ya zama Manjo Janar a 2004. Sarautar ta faɗo masa a 1979. Ya kare filin kakanninsa da gaske: ya kai gwamnati kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai kan dokar da ta ba ’yan haya damar sayen ƙasar gidajensu, aka kayar da shi a 1986, ya kuma fice daga jam’iyyar Conservative a 1993 da aka faɗaɗa dokar. A wannan ban goyi bayansa ba; wanda ya shekara hamsin a gida ya cancanci ya mallake shi. Amma shi ne kuma ya sayi Stanford Hall a 2011 domin a gina cibiyar jinyar sojojin da suka dawo daga yaƙi da raunuka, ya zuba dukiyarsa a ciki. Ya rasu ranar 9 ga Agusta 2016 yana da shekara 64, kafin a buɗe ta.

Daga Eccleston Street ka tsallaka Ebury Street, sunan tsohon filin Mary ke nan. Tashar Victoria na gabanka kaɗan ta hagu.