Yadda Ake Zaɓen Hedfon na Gem Mai Makirufo Mai Kyau

Yawancin masu sayen hedfon na wasan gem kunnensu kaɗai suke gwadawa. Su ɗora shi a ka, su kunna kiɗa, in sauti ya cika kunne sai su biya. Makirufo kuwa ba mai bi ta kansa, alhali shi ne ɓangaren da kai ba za ka ji ba, abokan wasanka ne za su yi ta fama da shi kullum. A wasa irin Valorant, Counter-Strike, Call of Duty ko PUBG, in ka ce "yana bayanka" abokinka ya ce "me ka ce?", kafin ka maimaita an gama da shi. Don haka ni a ganina daga makirufo ake fara zaɓe, sauran su biyo baya.

Mataki na farko: da wace na'ura kake wasa?

Kafin ka kalli kowane kwali, ka san ramin da za ka soka hedfon ɗin. Filogin nan siriri mai kaurin milimita 3.5 iri biyu ne, kuma ido yana rarrabe su. Dubi bakin ƙarfen: in zobe biyu ne a jikinsa, sauti kawai yake ɗauka. In zobe uku ne, yana ɗaukar sauti da makirufo tare. Mai zobe uku shi ke shiga abin riƙon PlayStation 5 da na Xbox, da yawancin laftof, da wayoyin da har yanzu suke da ramin.

Kwamfutar tebur tana da nata hali. Sau da yawa ramukanta biyu ne, kore na sauti, mai ruwan hoda na makirufo. In ka soka filogi mai zobe uku a koren rami za ka ji wasa garau, amma kai ba wanda zai ji ka. Maganinsa 'yar waya mai raba filogi gida biyu, kuma hedfon da yawa suna zuwa da ita a kwali. Ka duba ko tana ciki.

Masu Xbox su yi hattara sosai. Xbox ba ya karɓar hedfon USB na gama-gari, sai wanda aka ƙera masa aka rubuta a kwali, kuma ba ya haɗa sauti ta Bluetooth. PlayStation 5 ya fi sassauci da USB, amma shi ma ba ya haɗuwa kai tsaye da hedfon Bluetooth na yau da kullum. Nintendo Switch ya samu sauti ta Bluetooth a shekarar 2021, sai dai ban da makirufo.

Mataki na biyu: mai waya ko marar waya

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Bluetooth yana da kyau wajen jin kiɗa, amma da zarar ka buɗe makirufo sai ya sauya zuwa tsarin kiran waya. Hanyar da bayanai ke bi ta yi masa kaɗan, dole ya raba ta tsakanin abin da kake ji da abin da kake faɗa. Sakamakon haka sautin wasa ya dushe, a yawancin hedfon ma kunnen hagu da na dama su koma ba da abu ɗaya, ka kasa gane ta ina takun abokin gaba ke fitowa. Muryarka ita ma ta fita a shaƙe. Ga kuma jinkiri, wanda kan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa: ka ga harbi a allo, ƙararsa ta iso daga baya.

In lallai marar waya kake so, nemi mai zuwa da ɗan ƙaramin abin sokawa na USB, wanda ke aiki a zangon 2.4GHz. Wannan jinkirinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma sauti ba ya lalacewa don ka buɗe makirufo. Duk da haka ka sani, a hedfon guda biyu masu daraja ɗaya, makirufon mai waya kan fi fitar da murya cikakkiya, domin marar waya yana matse murya kafin ya aika ta. Sannan akwai caji. Batir yana tsufa, waya kuwa in ta tsinke a mai cirewa sai ka sauya ta kawai.

Tsakanin filogi da USB: mai filogi ya dogara da katin sautin na'urarka, wato ɓangaren da ke sarrafa sauti a cikinta, in katin mai rauni ne za a riƙa jin "sssss" a bayan muryarka ko muryar ta yi ƙasa. Mai USB yana da nasa katin a ciki, don haka muryar ba ta canzawa duk kwamfutar da ka soka shi.

Mataki na uku: dubi makirufon kansa

Ka zaɓi mai hannu, wato wanda ke miƙowa daga kunne zuwa gefen baki. Makirufon da aka ɓoye a cikin murfin kunne ko aka rataya a jikin waya ya yi nisa da baki, dole a ƙara masa ƙarfi kafin ya kama murya, kuma da ƙarfin nan yake kwaso ƙarar fanka da kibod da hirar mutanen ɗaki. Kusanci da baki ya fi duk wata dabarar da za a rubuta a kwali.

Sai fuskar da yake ɗaukar sauti. Akwai mai ɗauka ta kowane gefe, wanda muryarsa kan fi daɗin ji amma ba ya barin komai a baya. Akwai mai fuska ɗaya, wanda a kwali ake rubuta masa cardioid ko unidirectional, yana saurarar bakinka yana rage abin da ke bayansa. In ba kai kaɗai ba ne a ɗaki, ɗauki mai fuska ɗaya.

Lanƙwasa hannun ka sake shi. In ya tsaya inda ka ajiye shi, madalla. In ya riƙa komawa a hankali, zai wahalar da kai. Ya zama da soso a bakinsa, don shi ke tare iskar da ke fita da harufa irin "f" da "b". Ya zama da hanyar rufe murya da yatsa zai lalubo ba tare da ka cire ido daga allo ba, ko maɓalli, ko irin wanda in ka ɗaga hannun sama ya yi shiru. Ina kuma son hedfon da ke dawo maka da muryarka kaɗan a kunne. Idan murfin ya toshe kunne mutum ba ya jin kansa, sai ya yi ta ɗaga murya bai sani ba.

Mataki na huɗu: saurari muryar kafin ka biya

Lambobin da ke kwali ba za su gaya maka yadda makirufo yake ba. Shiga YouTube ka rubuta sunan samfurin tare da gwajin makirufo, ka saurari mutum biyu ko uku suna magana da shi. Ka kasa kunne ga abu uku: ko muryar ta fito ta hanci, ko harafin "s" yana tsaga kunne, ko farkon kalma yana yankewa bayan an yi shiru. Na ukun alama ce ta tace hayaniya da ya wuce kima, kuma ya fi ɓata magana a wasa, don gajerun kalmomi su ne ke ɓacewa. In hedfon yana hannunka, naɗi muryarka kana danna kibod, sannan ka saurara.

Mataki na biyar: kai da kunne

Hedfon da ya wuce giram 350 wuya kan gane shi bayan awa biyu. Soso mai rufin fatar roba yana tare hayaniya amma yana tara gumi, na yadi yana shan iska amma ƙara na shiga. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa a fuska. Murfi mai rufaffen baya ya fi dacewa da hira, domin mai buɗaɗɗen baya yana zubar da sauti waje, makirufo ya kwashe, abokanka su riƙa jin amsa-kuwwar muryarsu.

Fitilu masu launi da rubutun 7.1, wato sautin kewaye, kada su ɗauke maka hankali. Kusan duk hedfon lasifika biyu ne a cikinsa, sauran aikin manhaja ne, kuma Windows, Xbox da PlayStation 5 duk suna da nasu tsarin sautin kewaye da ba sai ka ƙara kuɗi ba. In kana da hedfon kiɗa mai kyau tun farko, akwai makirufo mai hannu da ake maƙala masa, irin ModMic.

Mataki na shida: saita shi

Ajiye makirufon a gefen baki, tazarar yatsu biyu, kada ya fuskanci leɓe ko ya tsaya ƙarƙashin hanci. Buɗe gwajin murya na Discord, manhajar hira da murya da 'yan gem ke amfani da ita, ko na na'urarka, ka yi magana da ƙarfin da kake yi in wasa ya yi zafi, ka rage ƙarfin makirufo har muryar ta daina fashewa. Kunna tace hayaniya a wuri ɗaya kawai, ko a manhajar hedfon ko a Discord, don in ka haɗa biyu suna cinye kalmomi. Ƙarfin sauti kuma ka sassauta masa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma da ƙarar ta ƙaru lokacin yana raguwa da sauri. Daga nan kira abokin wasa guda, ka karanta masa jimla biyu, ka tambaye shi ko akwai kalmar da ta ɓace masa.