Hunturun gida daban, sanyin can daban

Na zo hutu garinmu, wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, a tsakiyar hunturu. Bayan asuba muna zaune kewaye da wutar kara a ƙofar gida, sai ɗan yayana, wanda ya sami gurbin karatu a Ingila, ya tambaye ni, da yake can nake zaune, irin rigar sanyin da zai saya. Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni: "Rigar sanyi ta me? Mu da gwado ɗaya muka yi kiwo. Ku yaran yanzu fanka da esi sun lalata ku, kun zama ƙwai." Aka yi dariya. Ba a musu da Kawu a gaban yara, shi ya sa na kawo amsar nan, don shi yaron da sauran masu shirin tafiya.

Kawu yana da gaskiyarsa. Jiki yana sabo. Wanda ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi, gumi zai riƙa fito masa da wuri, ya daina saurin galabaita. In ya koma ƙarƙashin esi na wasu makonni, sabon ya gudu. Ni kaina shaida ne, bazarar da na taɓa zuwa gida ko kasuwa ban iya ci ba.

Amma ba taurin fata kaɗai ya riƙe su Kawu ba, dabara ce. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana tare rana, da dare ya saki ɗumi. Randa tana kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ana fita gona da duku-duku, rana ta take a dawo gindin tsamiya a dama fura. Tun da muka koma ginin bulo da rufin kwano, ɗakin ya zama tanderu, ba mu da mafita sai fanka, ita kuma sai an kawo wuta. To wannan dabarar ta gida, ta yanayinmu ce. Ranar da ka sauka daga jirgi ka koma ɗan koyo, ko kai ne sarkin noma.

Hunturunmu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, busasshe ne, kuma da hantsi rana ta fito an warware. Na Ingila jiƙaƙƙe ne, da iska da yayyafi, ya wuni ya kwana. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar an kore su. Kanada kuwa, a gari irin Winifeg, ana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Juma'ata ta farko a Ingila na fita da shadda da takalmi buɗaɗɗe, wai ni ɗan ƙauye. A tashar bas na kasa ciro kati daga aljihu, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Wata tsohuwa ce ta taimake ni, tana kallona kamar maraya.

Kada ka kashe kuɗinka a kan rigar sanyin kasuwar Kwari, ba don can aka yi ta ba. Ɗauki guda ɗaya ta sauka, sauran ka saya a can, ko a shagunan gwanjo, ba abin kunya ba ne. Kaya ake jerawa: mai kama jiki a ciki, mai kauri a tsakiya, a sama wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai gurza-gurza a ƙasa saboda santsin ƙanƙara. Shaddarka za ta iya hawa kan duk wannan ranar Juma'a, ba wanda zai sani.

Inda 'yan'uwanmu suka fi cutuwa shi ne cikin ɗaki. Kuɗin gas da na wuta suna da tsada, sai mutum ya kashe na'urar ɗumama ɗaki ya ƙudundune a bargo, yana cewa ai shi jarumi ne. Hukumomin lafiya a Ingila suna ba da shawarar a riƙe ɗaki a digiri 18 aƙalla, musamman inda akwai tsoho ko marar lafiya. Ɗakin da aka bari da sanyi da danshi, bangonsa yana yin fumfuna, ga tari ya sami gida. Kuma don Allah, don Annabi, kada ka hura gawayi ko ka kunna janareta a cikin gida. Kaskon Inna bai kashe mu ba ne saboda ɗakinta iska tana shiga ta ko'ina. Gidajen can a toshe suke ruf. Gawayi yana fitar da iska mai guba, ba launi ba wari, barci kawai za ta sa ka. A Fabrairun 2021 da sanyi ya katse wuta a Tekzas ta Amurka, mutum fiye da 200 suka rasu, cikinsu har da waɗanda wannan iskar ta kashe suna neman ɗumi. A nan kam maganar Kawu ta fito: gidan da komai nasa lantarki ne, ranar da wuta ta ɗauke bai san inda zai dosa ba. Ajiye tocila, bargo na ƙari, ruwa da abincin da ba sai an dafa ba. Lambar gaggawa 999 ce a Ingila, 911 a Amurka da Kanada.

Rana ba ta isarmu a can, mu masu baƙar fata, don haka ake ba mu shawarar shan bitamin D duk shekara, mikirogiram 10 kullum. Kasalar da ke kama mutum a Janairu ba lallai aljanu ba ne.

Zafi kuma, kada ka yi masa dariya. Ranar 19 ga Yulin 2022 Ingila ta haura digiri 40 karon farko a tarihinta. Na ce wannan ai Afrilun Kano ce, sai dare ya yi na gane kurena: an gina gidajen don su riƙe ɗumi, yawancinsu ba esi, ba tsakar gidan da za ka shimfiɗa tabarma. A Agustan 2003 zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, galibi tsofaffi, da yawansu su kaɗai a gida. A nan ne abin da muka taso da shi yake aiki: rufe labule da rana, buɗe taga da dare, jiƙa zane, rage zirga-zirga da tsakar rana. Sai kuma abin da a ƙauye ba a koya wa kowa, wato leƙa maƙwabci. In akwai tsoho a benenku, ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Da yamma na tarar Inna tana haɗa wa yaron guzuri: kilishi, man shanu a kwalba, man kaɗanya a gwangwani. Na ce, "Inna, nama da kayan madara ba a shiga da su Ingila daga nan, a filin jirgi za a karɓe." Ta cire biyun tana mita. Man kaɗanyar kuwa na ce ta ƙara wani gwangwanin, don iskar na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata fiye da hunturu, kaushi da faso ba sa buƙatar biza.